Shaidar Ƙwarin Ruwa: Nazari a kan Sa-ido na Sa-kai a Kogunan Afirka ta Kudu

Kafin mu shiga batun, ya kamata mu fayyace kalmomi biyu. Da “ingancin ruwa” muna nufin yanayin da ruwa yake ciki idan aka auna shi da amfanin da ake so a yi da shi, domin ruwan da ya isa ban-ruwa ba lallai ne ya isa sha ba. Da “sa-ido na sa-kai” kuwa muna nufin awon da mutanen da ba ma'aikatan hukumar ruwa ba suke yi wa rafi ko kogin unguwarsu a kai a kai, ba don albashi ba, kamar ɗaliban makaranta da ƙungiyoyin gari.

Awon ruwa iri uku ne. Akwai na zahiri, wanda ya shafi zafin ruwa da duhunsa da saurin gudunsa. Akwai na sinadari, inda ake duba tsamin ruwa, da yawan oksijin, wato iskar numfashi da ta narke a cikinsa, da burbushin takin zamani irin su naitiret da fosfet. Na uku shi ne na halittu, wanda yake duba abin da ke rayuwa a ruwan. A kan wannan na ukun za mu tsaya, saboda shi ne ya fi sauƙin kuɗi ga makaranta, kuma a ganinmu shi ne ya fi faɗin gaskiya mai daɗewa. Kwalbar ruwan da aka ɗiba ranar Talata labarin Talata kaɗai take bayarwa. Idan masana'anta ta saki dauɗa daren Asabar, kafin a zo ruwan ya wuce da ita. Amma ƙananan halittun da ke manne a ƙarƙashin duwatsu suna zaune a wurin makonni da watanni, kuma rashinsu shaida ne a kan abin da ya gudana ba mai gani.

A Afirka ta Kudu ƙwararru suna amfani da wani tsari mai suna SASS, wanda Chris Dickens da Mark Graham suka wallafa zubinsa na biyar a 2002, kuma yana buƙatar mutum ya iya rarrabe dangogin halittu kusan 90. Wannan ya fi ƙarfin ɗan makaranta. Sai Graham da Dickens da Jim Taylor suka taƙaita shi zuwa rukuni 13, suka kira shi miniSASS, suka bayyana shi a 2004. Kayan aikin ba su wuce ɗan koma mai ƙananan idanu ba, da farin faranti, da takardar hotuna. Yara sukan shiga inda ruwa bai kai gwiwa ba, su motsa duwatsu da ƙafa, su tare abin da ya taso, su juye a faranti, su gane kowace halitta.

Hikimar tana cikin maki. Kowane rukuni an ba shi maki gwargwadon rashin jurewarsa ga ƙazanta. Tsutsa da matsattsaku da 'ya'yan ƙuda, waɗanda suke rayuwa ko da oksijin ya yi ƙaranci, maki 2 ne kowanne. Katantanwa 4, ƙaguwa 6, 'ya'yan mazari 6. Wani ƙwaro kuwa da za mu kira ƙudan dutse, wanda ba ya zama sai a ruwa mai sanyi da tsabta, maki 17 gare shi. Ana tara makin rukunonin da aka samu, a raba da yawansu. Idan ɗalibai ba su sami komai ba sai tsutsa da matsattsaku da 'ya'yan ƙuda da katantanwa, jimla 10 ke nan, a raba huɗu ya ba da 2.5, wato mataki mafi muni cikin matakai biyar. Ma'aunin kogi mai yashi dabam yake da na mai duwatsu, domin yashi, ko da ruwansa tsaf yake, ba ya ɗaukar halittu iri-iri kamar dutse. Daga nan sai a sa sakamakon a taswirar intanet, inda kowane wuri yake fitowa da hoton ƙaguwa mai launin matakinsa.

Dole mu faɗi iyakar wannan hanya ƙarara, domin ƙaunar abu ba ta hana a san gejinsa. Ba ta nuna ko ruwa ya dace da sha, tunda ba ta ganin ƙwayoyin cutar kwalara ko taifot. Ba ta kuma faɗin sunan gubar da ta kashe halittun. Sannan kuskure ɗaya wajen gane ƙudan dutse yana iya ɗaga makin rafi mara lafiya, shi ya sa ake son wani masani ya duba hotunan. An kuma tsara ta ne don ruwa mai gudu, don haka rafukan ƙasar Hausa da suke ƙafewa da rani sai an yi musu nasu ma'aunin.

Abin da ya rage shi ne inda sakamakon yake zuwa. A garin Mpophomeni na lardin KwaZulu-Natal, wanda rafukansa suke zuba a madatsar Midmar, mazauna da ake kira Enviro-Champs suna zagaya bakunan bututun bahaya, su rubuta wanda ya toshe ya malalo, su kai rahoto ga hukuma. Madatsar nan tana cikin masu shayar da Pietermaritzburg da Durban, kuma rahoton da ya zo da kwanan wata da sunan wuri, aka maimaita shi mako bayan mako, yana da wuya jami'i ya ce bai sani ba.