Tarihin Sarrafa Agogo a Direbobin USB na Linux

Guntun lantarkin da ke jan ragamar tashoshin USB, wanda ake kira kwanturola, ba ya motsi sai da bugun agogo. Direba kuwa ƙaramar manhaja ce da ke magana da guntun a madadin tsarin aikin kwamfuta. Masu ba da tarihin USB sukan lissafa saurin kowane zamani su wuce, wasu kuma sukan ɗauko zancen agogo daga 2012 kamar a nan ya fara. Aikin ya girmi wannan shekara. Wannan maƙala ta bi lambobin fitowar Linux, domin su ne ba a jayayya a kansu.

Zamanin kwamfutar tebur, 1996 zuwa 2002

USB 1.0 ta fito a Janairun 1996 da gudun megabit 1.5 da 12 a sakan. An yanka lokaci zango-zango, kowane zango milisakan 1, kuma a farkonsa kwanturola yana aika alamar SOF ɗauke da lamba daga 0 zuwa 2047. Aikin alamar kamar na makaɗin gayya ne, da kiɗansa kowa ke daidaita saransa.

A wancan lokaci allon kwamfutar ne ke ba guntun bugun megahaz 48 da zarar an kunna wuta. Abin da ya rage wa direba shi ne gyara tsawon zango. A ƙa'idar kwanturola ta UHCI, ta Intel, akwai rajistar SOFMOD, wadda ke tashi da 64, a haɗa da 11,936 a samu bugu 12,000. A OHCI na Compaq da Microsoft da National Semiconductor, rajistar HcFmInterval ce, mai ɗauke da 11,999. USB 2.0 ta zo a Afrilun 2000 da megabit 480, ta raba zango gida 8 na mikrosakan 125, sannan ƙa'idar EHCI ta 2002 ta kawo rajistar FLADJ don daidaita kowane gida a kan bugu 60,000.

Nauyi ya koma kan direba

Al'amarin ya sauya ne da kwanturola ya shiga cikin guntu guda tare da sauran kayan na'ura, irin na wayoyi da ƙananan alluna masu injin ARM. A nan batir ne abin tattali, don haka kowane sashe yana da ƙofar agogonsa, kuma a rufe take sai an buɗe. Kiristal ɗin allon yakan buga megahaz 12 ko 19.2 ko 24, da'irar PLL ta ninka shi, a rarraba. Kwanturola ɗaya kan buƙaci agogo biyu ko uku: na hanyar da ake karanta rajistocinsa, na megahaz 48, da na megahaz 60 da ke tsakaninsa da sashen PHY mai haɗa shi da layin USB, a tsarin UTMI ko ULPI. Direban ohci-at91 na guntayen Atmel misali ne, agogo uku yake nema. In direba ya taɓa rajista alhali ƙofar agogonta a rufe, na'urar tana iya sandarewa nan take.

Russell King, mai kula da ɓangaren ARM, shi ya shimfiɗa kiraye-kirayen clk_get da clk_enable da clk_disable, kuma a 2006 aka mayar da su fayil ɗin linux/clk.h na kowa da kowa. Sai dai suna kawai aka haɗa. Kowane iyalin guntu ya rubuta nasa aikin ciki, har ba a iya gina Linux guda da zai tashi a kan guntayen kamfanoni daban-daban. A Maris ɗin 2011 Linus Torvalds ya fito fili ya koka da wannan tarin maimaici na ARM.

Gyaran 2012

Gyaran ya zo kashi-kashi. Linux 3.2 ya kawo clk_prepare, saboda wata matsala ta zahiri: akwai agogon da ke kunnuwa nan take, akwai kuma wanda sai an jira PLL ta zauna ko an aika saƙo zuwa wani guntu. Aka raba aikin biyu, clk_prepare ya ɗauki abin da ke buƙatar jira, clk_enable ya ɗauki wanda ba ya jira.

Linux 3.4 na Mayun 2012 ya kawo abubuwa uku a tare. Na farko tsarin agogo na bai-ɗaya, wanda Mike Turquette ya kammala a kan aikin da Jeremy Kerr ya fara. Tsarin yana riƙe da asalin kowane agogo da rassansa, yana ƙirga masu amfani da shi, ba ya kashe shi sai na ƙarshe ya saki. Na biyu EPROBE_DEFER na Grant Likely, wanda ya ba direba damar ja da baya ya sake gwadawa in agogonsa bai yi rajista ba tukuna. Na uku direbobin ehci-platform da ohci-platform na Hauke Mehrtens.

Tsarin agogo na bai-ɗaya ya zo da wani sharaɗi mai tsanani: a ƙarshen tashin na'ura, duk agogon da babu direban da ya riƙe shi za a kashe shi. Wannan ya tona asirin direbobin da suka dogara da abin da U-Boot, manhajar da ke tayar da na'ura kafin Linux, ya bari a kunne, domin sai USB ta yi aiki da farko ta mutu daga baya. Masu bincike sukan sa clk_ignore_unused don gano ko nan matsalar take.

A Linux 3.15 na 2014 Hans de Goede, yana aiki a kan guntayen Allwinner, ya koya wa direbobin ehci-platform da ohci-platform karanta jerin agogo daga bayanin kayan allo da ake kira bishiyar na'urori. Direba ya kunna su bi da bi, in ɗaya ya ƙi ya kashe waɗanda suka gabata daga ƙarshe zuwa farko. Wannan ne mataki mafi amfani a duk tarihin, domin daga nan sabon allo yakan samu USB da 'yan layukan bayani, ba da sabon direba ba.

Barci da farkawa

Ƙa'idar USB ta ce na'urar da ta ji layi shiru na milisakan 3 ta shiga barci, kuma kwanturola zai tashe ta da alama ta aƙalla milisakan 20. Saboda haka direba yakan dakatar da tashoshi da kwanturola kafin ya rufe agogo, in za a farka ya juya jerin. In ana so linzami ko allon rubutu ya tashi kwamfuta, dole a bar wani ɗan agogo marar cin wuta yana bugawa.

Bayan haka

Direban xHCI na USB 3.0 ya shiga Linux 2.6.31 a 2009, xhci-plat kuma ya samu kulawar agogo a 3.16 saboda guntayen Marvell Armada. Linux 4.13 na 2017 ya kawo kiraye-kirayen clk_bulk masu kunna jerin agogo a kira ɗaya, kuma direban dwc3 ya yi amfani da su wajen agogonsa uku: ref da bus_early da suspend.