Alƙalamin da Mai Shi Ke Fiƙewa: Tarihin Emacs da Danginta

Mu da muke harkar rubutu mun san almajiri ba ya dangwala tawada sai ya fiƙe alƙalaminsa daidai hannunsa. To, masu tsara manhajar kwamfuta su ma suna da irin nasu alƙalamin, wato manhajar rubutu wadda mai amfani da ita zai iya ƙara mata aiki da kansa.

Abin ya faro ne daga jami'ar MIT ta Amurka, inda Dan Murphy ya ƙirƙiro TECO a 1962. Umarninta na da wuyar sha'ani, don haka kowa ya riƙa ƙulla 'yan dabarunsa na sauƙaƙawa. A 1976 Richard Stallman da Guy Steele suka tattara dabarun nan wuri guda, aka raɗa musu suna Emacs. Sharaɗin Stallman shi ne, duk wanda ya yi gyara ya dawo da shi kowa ya amfana.

A 1978 Bernard Greenberg ya rubuta tasa Emacs ɗin da harshen kwamfuta na Lisp. Stallman ya ba da labarin cewa har sakatarorin ofis sun riƙa ƙara mata aiki, domin littafin koyon bai gaya musu tsara manhaja suke yi ba, balle su tsorata.

Rigima ta kunno kai ne bayan James Gosling ya fitar da tasa a 1981, daga baya ya sayar wa kamfanin UniPress. Stallman ya ɗebi wani sashe nata ya zuba cikin GNU Emacs ta 1985, kamfanin ya ce bai yarda ba. Dole ya sake rubuta sashen da hannunsa. Wannan ɗaci na cikin abin da ya haifar da lasisin GPL a 1989, wanda ya hana a kulle abin da aka bayar don jama'a. Duk da haka gidan ya sake rabuwa: reshen Lucid ya ɓalle, ya zama XEmacs a 1994.

Akwai kuma gidan kishiya. Bill Joy ya rubuta vi a 1976, Bram Moolenaar ya faɗaɗa ta zuwa Vim a 1991, Neovim ta tsiro daga Vim a 2014.

Mu da muka sha fama da na'urorin da ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, mun san zafin rubutu da alƙalamin da ba mu da ikon fiƙewa. Kafin mu rungumi kowace manhaja, ya kamata mu tambaya: wa ke da ita, kuma an yarda mu gyara ta?