Gidan Farautar Mura na Ingila

Mai karatu, da za a ce maka ga ɗaki, ga abinci, ga kuɗin mota, har da ɗan na kashewa, sharaɗin kawai a ɗiga maka ƙwayar mura a hanci, za ka je? To Turawan Ingila sun je. Daga 1946 zuwa 1989, kusan mutum 20,000 ne suka kai kansu wani tsohon asibitin yaƙi a garin Salisbury, kowa ya yi kwana 10 a killace, likitoci na ƙirga tsumman da ya fyace majina a ciki.

Cikin abubuwan da aka gwada har da maganar da mu ma muka taso da ita, wato sanyi ke kawo mura. Aka sa mutane wanka, suka tsaya jiƙe a inda iska ke kaɗawa, sannan suka zauna da jiƙaƙƙiyar safa. Duk wanda ba a ɗiga wa ƙwayar ba, ko atishawa bai yi ba. Hunturu dai na da nasa laifin, yana busar da hanci, yana cusa mu ɗaki guda mu rufe taga, amma mura daga jikin wani take zuwa.

Rigakafi kuwa ya gagara, domin ƙwayoyin bairos da ke haddasa ta sun haura iri 200. Kuma kafso ɗin nan na antibayotik da ake rububi a kemis ba ya taɓa ko guda cikinsu, asarar kuɗi ce. A gidan ne ma, a 1965, Dakta David Tyrrell ya gano wata baƙuwar ƙwaya daga majinar wani ɗan makaranta, wadda daga baya aka raɗa wa danginta suna korona.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na rini. Aka maƙala wa wani siririn bututu a hanci yana ɗigar da ruwan da ba ya ganuwa sai da fitila ta musamman, aka bar shi yana karta da abokansa. Da aka kashe wuta aka haska, sai ga rinin a katin, a tebur, a yatsun kowa, har a fuskokinsu. Masu bincike a Jami'ar Virginia ta Amurka sun ƙara tabbatar da hakan a shekarun 1970: ƙwayar na yin awoyi a tafin hannu tana jiran a sosa ido ko hanci, sai dai in ruwa da sabulu sun riga ta.