Daga Fam da Sule zuwa Naira da Kwabo: Tarihin Lissafin Ajin Ƙarshe na Firamare a Arewacin Nijeriya

A duk lokacin da manazarta suka zo ba da tarihin koyar da lissafi a makarantunmu na firamare, sukan fi mai da hankali ga rigimar "sabon lissafi", watau shigowarsa da kuma soke shi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa abin da ya fi canza aikin ɗan ajin ƙarshe shi ne canjin kuɗi na 1973.

Kafin 1976, firamare a Arewa ta shekara 7 ce, kuma aji bakwai shi ne ƙofar jarrabawar shiga makarantun gaba. Abin da ake nema ga yaro a wannan aji a fili yake: ya iya tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, ya haddace jadawalin sau har zuwa sau 12, ya san kashi cikin ɗari, da riba da hasara, da kuɗin ruwa, kuma ya iya lissafin ka da sauri. Littattafan Larcombe su ne madogarar malamai da yawa. To, amma nauyin aikin duk yana kan kuɗi da awo. Kwabo 12 ke yin sule, sule 20 ke yin fam. Inci 12 ke yin ƙafa, ƙafa 3 yadi, yadi 1,760 mil ɗaya, oza 16 kuwa laba guda. Dalilin haddace sau 12 ke nan.

Alal misali, a ce wa yaro ya fitar da kuɗin yadi 7, kowane yadi sule 3 da taro. Sai ya ninka kwabo 3 sau 7, ya sami 21, ya ware sule ɗaya, saura kwabo 9. Sa'an nan ya ninka sule 3 sau 7, ya ƙara wancan sule, su zama 22, ya ware fam ɗaya. Amsa: fam ɗaya da sule 2 da nai. A tambaya guda yaro ya yi rabawa biyu da ba a ambace su ba, kuma ko'ina ƙafarsa na iya zamewa. Irin wannan aiki ya ci wani babban rabo na lokacin aji, ko da yake, a faɗi gaskiya, yaron da ke taya uwarsa talla ya riga ya san sisi biyu sule ne tun bai ga allon makaranta ba.

Ana cikin haka sabon lissafi ya kunno kai. Asalinsa taron da aka fara a Entebbe ta ƙasar Yuganda a 1962, inda masana daga Amurka da Ingila da ƙasashen Afirka suka shiga rubuta sababbin littattafai. An gwada su a Ikko tun daga 1964, kuma Grace Alele-Williams na cikin waɗanda suka ja ragamar gwajin. Aka kawo ilmin rukunoni, da ƙirga bisa tushen 2 ko 5, da siffofi, da nufin yaro ya fahimci dalili maimakon hadda kawai. Wani abin mamaki, yaron da ke fama da kwabo 12 da sule 20 ya daɗe yana ƙirga da tushen da ba goma ba, sai dai ba wanda ya gaya masa sunan abin. Niyyar dai mai kyau ce, amma malaman da za su koyar ba su sami isasshen horo ba, iyaye kuma suka yi ta kukan 'ya'yansu ba su iya ninkawa ba. Shirin ilmin firamare kyauta na Satumba 1976 ya daɗa tsananta ƙarancin ƙwararrun malamai. A watan Janairu 1977, a taron Benin, Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya ba da sanarwar soke shi.

Canjin kuɗi kuwa bai jawo irin wannan muhawara tsakanin malamai ba, amma shi ne ya zauna. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule: fam ɗaya naira 2, sule ɗaya kwabo 10, naira kuma kwabo 100. A cikin shekarun nan ne kuma mita da lita da kilo suka ture yadi da galan da laba daga littattafai. Yanzu yadi 7 a kan kwabo 35 ninkawa ɗaya ce, 245, sai a sa ɗigo a karanta naira 2 da kwabo 45. Lissafin ɗigo, wanda a da babi ne mai wuya da ba ya da abin kamantawa a kasuwa, ya zama abin da yaro ke riƙe da shi a aljihu, kashi cikin ɗari kuma ya sami misali a kowace naira. A ganina wannan sauƙi ne ya ba manhajar da ta biyo bayan 1977 sararin riƙe siffofi da tattara ƙididdiga cikin jadawali, duk da cewa an rage firamare zuwa shekara 6.

Sai dai wannan gata ta yi rauni. Faɗuwar darajar naira tun daga 1986 ta kori kwabo daga kasuwa sannu a hankali, har ya zamana malamin aji shida yakan koyar da ɗigo da kuɗin da yawancin ɗalibansa ba su taɓa sayen komai da shi ba.