Amsar Wasiƙunku: Kufan Surame Ba Tulin Duwatsu Ba Ne

Wasiƙar wannan mako ta fito daga wani manomin shinkafa a ƙasar Argungu. Ya ce yana yawan jin labarin Surame, to wai mene ne tarihinta, kuma wane amfani kufai zai yi wa talaka mai neman abin sawa a bakin salati? To Malam, mun gode, ga amsa.

Surame ita ce babban birnin Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi. Kanta jarumi ne da ya yi yaƙi tare da Askiya, sarkin Songai. Wajen shekarar 1516 suka saɓa a kan rabon ganima, Kanta ya ɓalle ya tsaya da ƙafarsa. Askiya ya kawo masa yaƙi bai ci nasara ba. Ganuwar da Kanta ya gina ta sha bamban da ta sauran biranen Hausa, domin an haɗa dutse da ƙasa wajen gininta. Har yau ana ganin ragowarta a ƙaramar hukumar Binji ta Jihar Sakkwato.

Me ya ba Kabi wannan ƙarfi? Gulbi ne, Malam. Fadamar nan da kake noman shinkafa a cikinta ita ta ciyar da mayaƙan Kanta, ruwan ya ba su kifi, ya zama hanyar jiragen fatake, da damina kuma ya tare dawakin abokan gaba.

Wajen 1700 Kabawa suka bar Surame suka koma Birnin Kabi. A 1805 mayaƙan jihadi a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci birnin. Daga baya sarautar Kabi ta zauna a Argungu, aka daɗe ana gwabzawa da Sakkwato da Gwandu. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa gagarumin su don girmamawa. Daga nan bikin kamun kifi na Matan Fada ya samo siffar da muka san shi da ita. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

In ka shiga Argungu cin kasuwa, daure ka leƙa gidan tarihi na Kanta, wato tsohuwar fadar sarki. Akwai masu da takubba da tambura da kayan su, akwai kuma kaburburan sarakuna. Ka tafi da yaranka su gani da idonsu, gani ya kori ji.

Batun amfani kuwa, dubi Matan Fada. Ana hana su a wurin sai lokacinsa ya yi, shi ya sa masu homa da gora ke samun giwan ruwa, baƙi su cika gari, mai masa da mai tabarma kowa ya yi ciniki. Abin da aka tsare shi ke kawo riba. Haka kufai yake. Wanda ya kwashi dutsen ganuwa ya yi harsashin ɗaki, ko ya tura garma ya shafe ta, ya ci ribar shekara ɗaya ya ɓatar da shaidar shekara 500.

Saboda haka, in fartanyarka ta tono tsohuwar tukunya ko bakin mashi, kada ka sayar wa baƙon da ya zo da 'yan kuɗinsa. Ka sanar da mai gari, shi kuma ya kai magana gaba. In ta bar ƙasar, jikanka ba zai ƙara ganinta ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mun ji daga gare ku.