Gudumar Ish: Yadda Tauraro Ke Girma a Labaran Bayan Rushewar Duniya

Sau da yawa idan muna bitar rubuce-rubucen junanmu mukan tarar tauraron labari ya shiga shafin farko ya fita a na ƙarshe halinsa bai gusa ko taki ɗaya ba. Akwai wani reshe na ƙagaggun labaran kimiyya na Turawa da ya daɗe yana fama da wannan matsala, wato labaran da ke farawa bayan annoba ko yaƙi sun shafe yawancin 'yan Adam.

A 1826 Mary Shelley ta Ingila ta fitar da The Last Man. Annoba ta cinye kowa, aka bar Lionel Verney shi kaɗai yana yawo a birnin Rum. Wahala ta dattako shi, amma ba shi da wanda zai gadar wa abin da ya koya.

Wanda muke ganin ya warware wannan ƙulli shi ne George R. Stewart, malamin jami'a a Amurka, cikin Earth Abides na 1949. Tauraronsa Ish ɗalibin ilimi ne mai gudun mutane. Maciji ya sare shi a duwatsun Kalifoniya, kafin ya warke ya sauko cuta ta share garuruwa. Ya auri wata mata mai suna Em, suka tara 'yar ƙaramar al'umma. Babban burinsa shi ne yara su iya karatu don kada ilimin da ke jibge a laburare ya salwanta. Yaran kuwa ba su ga amfanin boko ba, sai ɗansa Joey kaɗai, shi ma zazzaɓin taifot ya ɗauke shi.

A nan ne Ish ya girma. Ya haƙura da makaranta, ya koma koya wa yara sassaƙa baka da kibiya cikin wasa, domin ya gane harsashi zai ƙare wata rana. Abin mamaki, wata tsohuwar guduma da ya tsinta tun farkon labari ita jikokinsa suka ɗauka abin tsafi, kuma ita ya miƙa wa tattaɓa kunnensa Jack da zai mutu. Tasirinsa ya tabbata, sai dai ba ta ƙofar da ya so ba. Ko mu nan, wa ya taɓa zaɓen abin da 'ya'yansa za su riƙe daga gare shi?

Littafin ya ci lambar International Fantasy Award a 1951, kuma Stephen King ya faɗa da bakinsa cewa ya yi masa tasiri wajen rubuta The Stand na 1978. Octavia Butler kuwa, a Parable of the Sower na 1993, sai ta juya lamarin: yarinya ce, Lauren Olamina, aka ƙone unguwarsu kusa da Los Angeles, ta kama hanyar arewa a ƙafa, manya suna bin ta a baya suna karɓar aƙidar da take rubutawa a littafinta.