Sararin Kudu Daga Bakin Tafkin Kainji

 Yau sama za mu duba.

A shekarar 1830 Richard Lander da ƙaninsa John suka yi makonni a Yauri suna neman takardun Mungo Park. Da suka gangara Bussa, daren 2 ga Satumba wata ya yi zazzaɓi, gari ya ruɗe da ganguna da kururuwa, suka rubuta. Tsohuwar Bussa tana ƙarƙashin ruwa tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, amma sararin da ke kanta bai gusa ba.

A cikinsa akwai abin da mutumin Ingila ba ya gani daga gida, komai girman madubinsa. Shi ya sa John Herschel ya kwashi iyali da madubin hangen nesa ya sauka Cape Town a 1834, ya zauna har 1838. Cikin abubuwan da ya bi akwai Carina, wani makeken gajimare na iska da ƙura inda ake haihuwar taurari, wanda haskensa ke tafiyar sama da shekara 7,000 kafin ya iso mu. Da hannu ya zana shi, dare bayan dare, don hoto bai kai nan ba tukuna.

Da hoton ya zo, masu sha'awa ne suka buɗe ƙofa. Henry Draper, likita a Amurka, shi ya fara ɗaukar gajimaren Orion a 1880, ya bar kyamara buɗe kusan minti 50. A 1882 David Gill, shugaban ɗakin duba taurari na Cape, ya ɗaure kyamarar wani mai hoton gari a jikin madubinsa don ya kama tauraruwa mai wutsiya. Ya kama ta, amma abin da ya ɗaure masa kai shi ne tarin taurarin da suka fito a bayanta. Daga nan aka shiga ƙirga taurarin kudu da hoto.

To, ga abin da ke ci mini rai. Yauri tana kusan digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, don haka Carina kan hau digiri 19 a kudu. Miƙa hannu ka auna taƙi ɗaya daga bakin ruwa, can take. A Wara ta ƙasar Ngaski, masunci na ganin ta daga kwalekwale ba ko sisi. Na karanta littattafan soyayyarmu da yawa; Zara da wata sun sha yabo har sun gaji, kudu kuwa ban taɓa cin karo da wanda ya waiwaye ta ba.

Hazo ne babban cikas. Sai ruwan farko ya wanke sama, ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, a daren da babu wata, bayan Isha'i. A kafa waya a kan dutse kada ta motsa, a bar ta buɗe daƙiƙa 15 zuwa 20, a kuma roƙi masu tocila su kashe.